Yadda Ake Shirya wa Ƙananan Yara Wasan Kwaikwayo Don Su Iya Zama da Mutane

Ƙaramin yaro ba ya koyon jiran layi, ko ba da haƙuri, ko gane cewa ran ɗan'uwansa ya ɓaci, don kawai an zaunar da shi an yi masa nasiha. Yana koya ne a inda abin ya zame masa dole, kuma babu inda ya fi zame masa dole kamar wasan da yara ke raba wa junansu matsayi: ke ce uwa, kai ne mai shago, ni ne direba. Tuwon ƙasa, bikin 'yar tsana, motar kara, duk a nan suke. Yarinyar da ta ce ita ce uwa ta ɗaure kanta da dokokin uwa ke nan. In aka ɗauke mata ludayi ba za ta faɗi tana birgima ba, sai dai ta yi faɗa irin na manya. In kuwa ta yi birgimar, sauran za su ce "ai uwa ba ta kuka", wasa ya watse. Gudun kada wasa ya watse shi ke sa ta danne zuciyarta.

Masanin halayyar yara ɗan Rasha, Lev Vygotsky, ya yi bayanin wannan a wata lacca a 1933: a cikin wasa yaro kan yi abin da ya fi ƙarfin shekarunsa, domin kowane matsayi da ya ɗauka yana zuwa da ƙa'idojinsa. A 1948 wata mai bincike a Tarayyar Sobiyet, Manuilenko, ta gwada abin. Yaran da aka ce wa kawai su tsaya cik ba su jima ba suka fara motsi, amma da aka mai da su masu gadi a cikin wasa sai suka daɗe a tsaye fiye da haka. Sai dai kada a kambama abin. A 2013 Angeline Lillard da abokan aikinta a Amurka sun bi diddigin binciken da aka tara, suka nuna cewa hujjar da ke cewa wasan kwaikwayo shi kaɗai ke gina waɗannan halaye ba ta yi ƙarfin da ake zato ba. Hanya ce mai kyau mai araha, tare da hira da tatsuniya da aiken yaro. Masu ɗari-ɗari da 'yar tsana kuma su tuna ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW).

Aikin babba a nan kaɗan ne, amma yana da tsari.

Mataki na farko: a san abin da shekarun yaro za su ɗauka

Tsakanin shekara ɗaya da ɗaya da rabi yaro kan kai kofi baki ba komai a ciki, ko ya kara waya a kunne. Daga shekara biyu zuwa biyu da rabi sai ya fara ba 'yar tsana abinci, takalmi ya zama waya, tsintsiya ta zama doki. A wannan lokaci yara biyu za su zauna kusa da juna, kowa na nasa. Mildred Parten ta Jami'ar Minnesota ta rubuta wannan tun 1932: wasa gefe da gefe shi ke zuwa kafin wasan haɗin gwiwa. Saboda haka kada a matsa wa 'yan shekara biyu sai sun yi "girki tare". A ba kowa tukunyarsa da ludayinsa, iri ɗaya, shi ke nan.

A shekara uku matsayi ke bayyana, amma ba ya daɗewa: yanzu likita ne, an jima kyanwa. Daga huɗu zuwa biyar ne wasan ke cika, su tsara kafin su fara, su yi gardama, su ci gaba da labarin jiya. Wajen shekara huɗu ne kuma yawancin yara ke fara gane cewa wani zai iya yarda da abin da ba haka yake ba. Matakan da ke biye sun fi dacewa da 'yan uku zuwa shida.

Mataki na biyu: wuri da kaya

A ware kusurwa ɗaya a tsakar gida, ko zaure, ko aji, inda akwai inuwa kuma idon babba na kaiwa. Faɗin tabarma biyu ya isa. Abin da ya fi girman wurin muhimmanci shi ne a bar shi yadda yake. In kullum da yamma ana rushe "shagon" ana sharewa, gobe sai an sake daga farko, labarin ba zai taɓa yin nisa ba.

Ga yara huɗu, wannan ya wadatar: manyan kwalaye biyu, gwangwanaye shida zuwa takwas, ƙoƙo ko ƙananan kwanoni huɗu, ludayi biyu, 'yar muciya, faifai, tsofaffin ƙyallaye huɗu ko biyar masu girman ɗankwali, hula, tsohuwar jaka, 'yar tsana biyu, da marafan kwalba kamar talatin su zama kuɗi. 'Yan ƙasa da uku sun fi son abin da ya yi kama da na gaske. Waɗanda suka haura uku kuwa, kayan da ba su da fuska ɗaya sun fi yi musu amfani. Motar roba ta kanti mota ce har abada. Kwali kuwa yau mota ne, gobe gadon asibiti, jibi teburin mai shayi, kuma duk lokacin da zai canja sai yaran sun yi magana sun amince. Wannan maganar ita ake nema.

Kafin a miƙa musu komai, a tantance:

Duk abin da zai shige ta cikin kwalin tsakiyar tishu zai iya maƙale wa ɗan ƙasa da shekara uku a wuya. Marafan kwalba, tsakuwa, gyaɗa, 'ya'yan tsamiya, duk a kawar in akwai ƙarami a wurin, a yi kuɗin da manyan ganyaye ko yankakken kwali. Bakin gwangwani a daddake shi da guduma har ya daina yanka. Ban da leda, ban da doguwar igiya, ban da bokitin ruwa a buɗe, domin mai tatata na iya kifawa ciki ya kasa fitowa. Tsohuwar waya ko rimot a cire batirinsu, musamman ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, wanda in aka haɗiye shi zai iya ƙona maƙoshi cikin awa biyu. Kwalbar magani, ta fiya-fiya ko ta kalanzir ba ta zama kayan wasa ko an wanke ta, don tana koya wa yaro cewa irin wannan kwalba abin kaiwa baki ce. Murhun wasa kuma ba a hura masa wutar gaske.

Ƙasar tuwon ƙasa ma a duba inda aka ɗebo ta. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta gauraye da ƙasar da yara ke wasa a kai. Ƙasar kusa da wurin niƙan ma'adinai, ko inda ake fasa tsofaffin batiran mota, ko bakin kwata da turken dabbobi, ba ta wasa ba ce. A samo yashi mai tsabta, a wanke hannu da sabulu bayan an tashi.

Mataki na uku: lokaci da yawan yara

A ba su aƙalla minti 40 ba tare da an katse su da aike ba. Minti 10 zuwa 15 na farko yawanci a rabon matsayi da jan kaya suke tafiya. Babban da bai sani ba sai ya ga kamar ba sa komai sai gardama, ya ce a tashi, alhali yanzu ne za a shiga wasan. Bayan karin kumallo, ko bayan la'asar in rana ta yi sanyi, sun fi. Yaro mai yunwa ko mai jin barci ba ya sulhu da kowa.

A fara da yara biyu, in sun saba a kai huɗu. Uku na da wuyar sha'ani, don sau da yawa biyu kan haɗe kai su ware ɗaya. A kashe talabijin a ajiye waya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada 'yan shekara biyu zuwa huɗu su wuce awa ɗaya a rana a gaban allon kallo, kuma ko sauti ne kawai ke tashi a gefe, yana janye hankalinsu daga juna.

Mataki na huɗu: a kai su su gani

Yaro ba ya kwaikwayon abin da bai sani ba. Gani ya kori ji. In ana son wasan kasuwa, a tafi da shi cefane, a tsaya a gaban mai tumatir, a ja hankalinsa ga abin da mutane ke faɗa wa juna: sallama, gaisuwa, tambayar kuɗi, tayi, "albarka", "na sallama", gyara, canji. Yawancin manya kan nuna wa yaro kaya, "ga tattasai, ga albasa", su manta da mutane. Wasa kuwa da mutane ake yinsa. A tasha a nuna masa wa ke kiran fasinja, wa ke karɓar kuɗi, wa ke ɗaure kaya. A asibiti, wa ke yankar kati, wa ke auna zafin jiki, ina ake jira. Duk matsayin da ya gani, kujera ce da aka ƙara wa wani yaro a cikin wasan.

Mataki na biyar: a kafa wasan, a shiga, a fita

A ɗauki kasuwa misali. A kifa kwali ya zama tebur, a kasa ganyaye kashi-kashi, yashi a kwano ya zama gero, gwangwanin madara ya zama mudu. A raba wa masu saye marafai goma-goma. Daga nan babba ya ja baya ya yi shiru na minti biyar, yana kallo. In wasa ya kama, ba a bukatarsa. In ya ga ana ta zuba yashi ana juyewa ba mai ce wa wani komai, sai ya shiga, amma a ƙaramin matsayi: mai saye, fasinja, mara lafiya. Mai shago da likita na yara ne.

"Salamu alaikum, Hajiya mai gero. Ya kasuwa?"
"Lafiya lau."
"Nawa mudu?"
"Biyar."
"Kai, Hajiya, da tsada. Uku gare ni."

A nan a yi shiru a jira. Wataƙila ta ce albarka, wataƙila ta rage, wataƙila ta ce a kawo saura gobe. Duk wanda ta zaɓa, ta yi tunanin halin wani ta yanke shawara. Dabarar ke nan: babba ya kawo ƙaramar matsala, ya bar wa yara warwarewa. Babu canji. Taya ta yi faci a hanyar Zariya. Jaririya ta ƙi shan magani. Baƙi sun zo tuwo bai isa ba. Matsala ɗaya a lokaci guda. Sannan a haɗa yaran da juna: "Hajiya, ga Malam Direba can, ko zai kai mini buhun nan gida? Ku yi ciniki."

Abin da ke kashe wasa nan take shi ne a mai da shi aji. "Wannan wane launi ne? Ƙirga mini su." Yaro na jin haka ya san an daina wasa an koma jarrabawa. In ana son lissafi, ya zo ta cikin ciniki. Haka kuma gyara: in ta ce mudu biyar, buhu biyu, a bar ta. Dariya ma a yi hattara da ita, musamman a kira maƙwabta su zo su ga "abin da Ummi ke yi". Yaro mai kunya daga ranar ya daina.

Sa hannun babba kamar gishiri ne a miya. Bayan minti biyar zuwa goma a fita, kuma a fita ta cikin wasan: "Bari in kai cefanen nan gida, maigida na jira." In aka miƙe haka kawai, yaran ma sai su biyo baya.

Mataki na shida: in rikici ya tashi

Zai tashi, kuma nan ne ainihin darasin. Yara biyu kowa ya ce shi ne direba. Muddin ba a kai hannu ba, a dakata kamar rabin minti, don sau da yawa su kan sasanta da kansu. In abin ya ƙi, a durƙusa daidai tsayinsu, a riƙe abin da ake rigima a kai, a faɗi matsalar ba tare da neman mai laifi ba: "Sitiyari ɗaya, direba biyu. Ya za a yi?" A saurari kowa. In sun kawo mafita, ko da ba ta yi wa babba daidai ba, in dai dukansu sun yarda, a bi tasu. In sun rasa, a ba su zaɓi biyu: ko a ƙara matsayi, yaron mota, mai sayar da mai, mai faci, ko a yi karɓa-karɓa. Karɓa-karɓar a ɗaure ta da abin da ke cikin wasan, don ɗan shekara huɗu bai san minti biyar ba: "In an isa Katsina an sauke fasinja, sai a canja direba." Kuma lallai a tabbatar an canja. Alƙawarin da aka saɓa sau ɗaya ya isa ya hana yaro sake yarda da jira.

Hukuncin nan na "kai ne babba, bar masa" yana kawo shiru da wuri, amma yana koya wa ƙane cewa kuka na biya, yana kuma sa yaya ya riƙa ɓoye wasansa. Kishiyarsa ma na faruwa: yaya ta mamaye komai, kullum ita ce uwa, ƙaramin kullum shi ne jariri ko jaki. Maganin wannan a cikin wasa yake. Babba ya shigo ya nufi ƙaramin kai tsaye: "An ce mini nan gidan akwai bakanike, kai ne?" Matsayinsa ya ɗaukaka ba tare da an kunyata yayar ba.

Duka na gaske, cizo, ko jifa, a tsayar nan take, a fito daga wasan a faɗa da muryar yau da kullum.

Yaron da ke tsaye a gefe

Kada a tura shi ya ce "in yi da ku?" Amsar da ya fi samu ita ce a'a, don yaran na kare labarin da suka sha wahalar ginawa. A tsaya tare da shi a kalli wasan tukuna: "Me suke yi? Me babu a wurin?" Sai a ba shi abin da wasan ke bukata ya shiga da shi. Masu tuwon ƙasa ba sa korar wanda ya zo da "itace", masu mota ba sa korar fasinja mai kuɗi a hannu. In kunyar ta yi yawa, a fara haɗa shi da yaro ɗaya wanda bai kai shi shekaru ba, a gidansu, da kayansa.

Namijin da ya ɗauki tukunya kuma a bar shi. Mai shayi da mai tsire da mai tuwo-tuwo duk girki suke yi. Yarinya ma in ta ce ita ce likita ko direba, ba abin gyarawa a ciki.

Gwajin abin da ke tafe

Kwana biyu ko uku kafin a kai yaro allurar rigakafi, ko ranarsa ta farko a makaranta, a yi wasan abin bi da bi yadda zai faru: layi, kiran suna, zama a cinyar Umma, shafa auduga, allura, tafiya gida. A fara yi wa 'yar tsana, sannan shi ya zama ma'aikacin jinya ya yi wa babba. A gaya masa gaskiya, cewa akwai ɗan zafi kuma yana wucewa. In aka ce babu zafi, gobe ba zai yarda da wasan ba, ba zai yarda da mai faɗar ba. Haka ake gwada sallama a ƙofar gida, gaida baƙo, karɓar abu da hannun dama, da abin da zai ce in an ƙwace masa abu: "Ban gama ba, in na gama zan ba ka."

Waɗanda suka haura shida kuwa, al'ada ta riga ta tanadar musu mataki na gaba. Tashen da ake farawa daga goma ga azumi, irin su Jatau Mai Magani da Tsoho da Gemu da Mairama da Daudu, wasan kwaikwayo ne cikakke mai rabon matsayi da shiga da amshi da rabon abin da aka samu. Sai dai a san da wa yaro ya fita, ina za su, da lokacin dawowa.

Abin da wasan ke nunawa

Yara na fitar da abin da suka gani. In "malam" bai san komai ba sai bulala, ko "maigida" bai iya komai ba sai tsawa, daga wani wuri aka kwaso. A yankunan da ke fama da rashin tsaro za a ga wasan sojoji da 'yan bindiga. Hanawa ƙarfi da yaji ba ta cika aiki ba, ɓoyewa kawai za su yi. A sa doka biyu, ba a taɓa jikin kowa kuma ba a harbin wanda ba ya cikin wasan, sannan a faɗaɗa labarin: wanda ya ji rauni wa zai kai shi asibiti, wa zai dafa wa sojoji abinci, wa zai sanar da mai unguwa.

Akwai alamun da suka wuce gyaran gida. Yaron da ke maimaita abu ɗaya mai ban tsoro kullum, ba canji, ba jin daɗi, ga firgita cikin barci ko komawa fitsarin kwance, yana bukatar ganin ma'aikacin lafiya. In wasa ya nuna sanin harkar manya ta jima'i da ta wuce shekarunsa, kada a doke shi kada a yi masa ihu, don hakan rufe masa baki zai yi. A tambaye shi a natse, "a ina ka ga wannan?", a duba waɗanda ke kaɗaicewa da shi da abin da yake gani a waya, a nemi taimakon likita. Yaron da ya kai shekara biyu da rabi ba ya kwaikwayon komai, sai jera kaya ko juya taya, ba ya nuna abu da yatsa, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, a kai shi wurin likitan yara, a kuma nemi a auna jinsa. Kada a tsaya jiran "zai yi in ya girma", domin irin wannan taimako ya fi tasiri in an fara shi da wuri.